Tarihin Hamayyar Ƙwallon Kwando Tsakanin Makarantun Gari Guda: Daga Sinsinati Zuwa Zariya da Gusau

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin tarihin hamayyar da kan ƙullu tsakanin manyan makarantu biyu da ke zaune a gari ɗaya ta hanyar wasan ƙwallon kwando. Za a dubi al'amarin ne ta fuskar ɗalibi ɗan kallo, wato wanda ba ya shiga fili, ba ya jefa ƙwallo, amma da ihunsa da tafinsa ake cika zauren wasa. Dalilin zaɓar wannan fuska shi ne, ɗan wasa kan yi 'yan shekarunsa ya wuce, mai horarwa kan sami aiki a wani wuri ya tafi, shi kuwa ɗalibin da ya goyi bayan makarantarsa sau da yawa a garin yake zama bayan ya gama karatu, ya gadar wa ƙannensa da 'ya'yansa abin da ya tarar.

Za a fara da bayanin yadda Bahaushe ya ɗauki hamayya, sannan a kawo asalin wasan da yadda ya kafu a Zariya. Daga nan za a tsallaka zuwa birnin Sinsinati na ƙasar Amurka, inda jami'o'i biyu maƙwabta suka fara karawa tun 1928, domin a can ne irin wannan hamayya ta yi tsawon ran da za a iya bin tarihinta daki-daki. A ƙarshe za a dawo gida a auna Zariya da Gusau da wannan ma'auni. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, hamayyar maƙwabta ba ta rayuwa sai da abubuwa uku: kusanci, da tsayayyar ranar karo a kowace shekara, da kuma barin ɗalibai su karɓi baƙuncin wasan a gidansu bisa iyakar da kowa ya sani.

3.1 Hamayya a Al'adar Bahaushe

Bahaushe ya bambanta hamayya da gaba. Gaba ita ce ƙiyayyar da ke raba mutane har ta kai ba a gaisawa, ba a zuwa sunan juna ko jana'izar juna. Hamayya kuwa ja-in-ja ce tsakanin tsara, kowa yana neman ya fi ɗan'uwansa, amma kuma kowa yana bukatar ɗan'uwan nasa ya kasance a fage, tun da yake in babu abokin karawa babu wanda za a fi. Masu iya magana sun ce, zo mu zauna zo mu saɓa. Saboda haka al'ada ta tanadi hanyoyin da ake fitar da zafin maƙwabtaka ba tare da zumunci ya lalace ba. Biyu daga cikinsu sun shafi wannan nazari kai tsaye.

Ta farko ita ce wasan barkwanci. Akwai shi tsakanin Kanawa da Zage-zagi, da Katsinawa da Nufawa, da Gobirawa da Yarbawa, da Fulani da Barebari. Haka kuma akwai shi a cikin gida tsakanin taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji. Abokin wasa yana da damar ya yaɓa wa abokin wasansa maganar da in wani ne ya faɗe ta sai an kai gaban alƙali, kuma wanda ya yi fushi shi ne ya faɗi. Wasan yana da lokacin da yake tashi musamman, wato watan Cika-ciki, sa'ad da ake bin abokan wasa kuɗin shara.

Ta biyu ita ce dambe. A ƙasar Zamfara, tun daga Gusau da Tsafe da Bunguɗu har ƙauyukan da ke kewaye da su irin su Ruwan Bore, an san dambe da kokawa a matsayin wasannin kaka, lokacin da amfanin gona ya zo gida, hankali ya kwanta. Dambe a asalinsa wasan mahauta ne, 'yan damben zamani kuma sun kasu ɓangare uku, wato Kudu da Arewa da Guramaɗa. Ɗan kallo kan zo da ɓangarensa tun daga gida, ya zauna cikin mutanensa, ya yi wa makaɗi kari idan nasa ya yi kisa. Kalmomin fagen na yaƙi ne, domin wanda ya kai abokin karonsa ƙasa cewa ake yi ya kashe shi, alhali wanda aka kashe ɗin zai tashi ya karkaɗe jikinsa, gobe ma ya sa zare. Har yau ana tuna karon Shago da Ɗandunawa, kuma waƙar da Ɗan'anace ya yi wa Shago ta raya labarin a bakin mutanen da ba su taɓa ganin ko ɗayansu ba. A nan ma akwai iyaka: ana ƙidaya turmi, akwai mai rabawa, kuma da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa magana ta ƙare.

Idan aka yi la'akari da waɗannan misalai biyu, za a ga cewa hamayyar da Bahaushe ya yarda da ita tana da abokin yi na kusa, tana da lokaci, tana da fage, tana kuma da iyaka. Da wannan ma'auni za a dubi ƙwallon kwando.

3.2 Asalin Wasan da Kafuwarsa a Zariya

Ƙwallon kwando a makaranta aka haife shi. A watan Disamba na 1891 wani malamin motsa jiki ɗan ƙasar Kanada mai suna James Naismith ya ƙirƙiro shi a makarantar horar da ma'aikatan ƙungiyar YMCA da ke garin Springfield na Amurka. Sanyin hunturu ya hana ɗalibai fita fili, sai aka bukaci wasan da za a yi a cikin ɗaki. Naismith ya rubuta dokoki 13, ya sa aka kafa kwandunan 'ya'yan itace biyu a tsayin ƙafa 10, ya raba ɗalibansa 18 gida biyu. Daga waɗannan kwanduna ne sunan wasan ya fito. Daga baya aka tsayar da 'yan wasa biyar-biyar, ana samun maki biyu ko uku gwargwadon nisan inda aka yi jifa, da maki ɗaya a jifan da alƙalin wasa kan bayar idan an yi wa mutum ƙeta.

Akwai abu ɗaya a siffar wasan da ya kamata a lura da shi. Filinsa ƙarami ne, tsawon mita 28 da faɗin mita 15 a ma'aunin duniya, kuma galibi a rufaffen zaure yake. Ɗan kallon da ke sahun gaba tazarar 'yan taku ce tsakaninsa da ɗan wasa, duk abin da ya faɗa a kunnen ɗan wasan yake sauka. Wannan ya sa ɗan kallon ƙwallon kwando yana da tasirin da ya fi na takwaransa na ƙwallon ƙafa, ta fuskar alheri da ta sharri.

Nijeriya ta shiga hukumar ƙwallon kwando ta duniya a 1964, kuma makarantu ne suka reni wasan. Alal misali, Hakeem Olajuwon, wanda ya ci kofin gasar NBA ta Amurka a 1994 da 1995, gasarsa ta farko a wannan wasa a Sakkwato ya buga ta, a bikin wasannin makarantun horar da malamai na ƙarshen shekarun 1970, lokacin Gusau tana ƙarƙashin jihar Sakkwato. A Arewa kuwa babu garin da ya yi suna a renon 'yan wasa kamar Zariya. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962, tana kuma cikin jami'o'i biyar da ake da su sa'ad da aka fara gasar wasannin jami'o'i ta NUGA a Ibadan a 1966. Wani Ba'amurke mai horarwa, Oliver Johnson, wanda aka fi sani da OBJ, ya shafe shekaru masu yawa yana horar da ɗaliban jami'ar da yaran gari a filin Samaru. Daga cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya taso a Zariya, ya zama babban manajan ƙungiyar Denver Nuggets a 2010, ya koma Toronto Raptors a 2013, ƙungiyar ta ci kofin NBA a 2019 a ƙarƙashin jagorancinsa, ya bar ta a 2025.

Sai dai sunan da Zariya ta yi suna ne na jami'a ɗaya da 'yan wasan da ta fitar. Ba a san garin da wani karon shekara-shekara tsakanin makarantu biyu ba, duk da cewa makarantun suna nan birjik. Kafin a nemi dalilin haka, ya dace a ga yadda irin wannan karo ya ginu a inda ya ginu.

3.3 Hamayyar Sinsinati da Xavier Daga 1928 Zuwa 1999

Sinsinati birni ne a jihar Ohayo, a bakin kogin da jihar ta ci sunansa. Manyan jami'o'insa biyu su ne Jami'ar Sinsinati da Jami'ar Xavier, waɗanda za a riƙa kira Sinsinati da Xavier a taƙaice. Tsakaninsu kimanin kilomita biyar ne, wato bai kai nisan Samaru zuwa Kongo ba. Sinsinati ta gwamnati ce, tarihinta ya faro daga 1819, ɗalibanta sun haura 40,000, launinta ja da baƙi, ana kiran 'yan wasanta Bearcats. Xavier kuwa ta ɗariƙar Katolika ce, an kafa ta a 1831, ɗalibanta ba su kai 10,000 ba, launinta shuɗi, ana kiran 'yan wasanta Musketeers. Ke nan bambancin girma da na asali ya riga wasan zuwa, kuma kowane ɓangare yana da abin tsokanar ɗaya.

Karon farko an yi shi ne a 1928, ranar da Xavier ta buɗe sabon zauren wasanta na Schmidt Fieldhouse, ta kuma ci da maki 29 da 25. Bayan wannan an daɗe ba a tsayar da karon ba, sai daga kakar wasa ta 1945/46 ya zama na kowace shekara. Da tafiya ta yi tafiya aka laƙaba masa suna Crosstown Shootout, wanda ma'anarsa ta yi kusa da musayar wuta tsakanin sassan gari biyu.

Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1970 Sinsinati ce ke da fage. A tsakanin 1957 da 1960 tana da Oscar Robertson, wanda ya fi kowane ɗan wasan jami'a a Amurka zuba maki shekara uku a jere. Bayan tafiyarsa ta ci kofin ƙasa na jami'o'i a 1961 da 1962, duka biyun a kan Jami'ar Jihar Ohayo, ta kuma kai wasan ƙarshe a 1963 aka doke ta a ƙarin lokaci. Ita ma Xavier ta ci kofin gasar NIT a 1958, amma a karon gari galibi ita ce a ƙasa. Ɗalibin Xavier na wancan zamani kan shiga jami'a ya fita da wuya ya ga nasara fiye da ɗaya, wani ma bai ga ko ɗaya ba, amma hakan bai sa an daina karon ba.

Al'amari ya fara juyawa a shekarun 1980, ya kuma yi zafi a na 1990. A watan Janairu na 1994 Xavier ta ci 82 da 76 a ƙarin lokaci, sai mai horar da Sinsinati, Bob Huggins, ya ƙi miƙa wa takwaransa Pete Gillen hannu, abin da ya zama abin magana a garin shekara da shekaru. A ranar 26 ga Nuwamba, 1996, Sinsinati ce ta ɗaya a jerin ƙungiyoyin jami'o'in ƙasar da 'yan jarida ke fitarwa kowane mako, kuma a gidanta ake wasan. Ana kunnen doki, lokaci na gab da cika, sai Lenny Brown na Xavier ya jefa ƙwallo ta faɗa kwando, aka tashi 71 da 69. Mai sharhin rediyon Xavier ya yi shelar cewa Sinsinati ta ɗaya ce a ƙasa amma ta biyu a garinta, kuma wannan magana ta zama kamar kirari a bakin ɗaliban Xavier. A watan Disamba na 1999 abin ya maimaita kansa: Sinsinati na matsayi na ɗaya, Xavier ta sake kayar da ita 66 da 64. Gaba da gabanta ke nan.

Wani muhimmin abu shi ne, a duk tsawon waɗannan shekaru jami'o'in biyu a rukunonin gasa daban-daban suke, kowace da abokan karawarta na dole. Babu wata hukuma da ta tilasta musu haɗuwa. Hukumomin makarantun biyu ne ke zama su sa ranar a jadawalinsu. Za a dawo kan wannan batu idan an zo maganar Zariya.

3.4 Matsayin Ɗalibi Ɗan Kallo

Tun daga wajen 1990 karon ya zama na zagaye, bana a gidan wannan, baɗi a gidan wancan. Sinsinati ta buɗe zaurenta na cikin makaranta a 1989, Xavier kuma ta buɗe nata, Cintas Center, a 2000. Kowanne yana ɗaukar mutum fiye da 10,000, kuma a kowanne an keɓe wa ɗalibai wuri a kusa da fili. Tikitin wannan wuri ba ya isa, saboda haka akan yi dogon layi a cikin sanyin hunturu domin samunsa.

A ranar wasa ɗaliban masu gida kan zo sanye da launin makarantarsu, wasu har su shafa fenti a fuska da ƙirji. A tsaye suke kallo tun daga farko har ƙarshe, 'yan badujalar makaranta na gefensu suna busa. Idan baƙo ya tsaya zai yi jifan ƙeta, waɗanda ke bayan kwando kan yi ta kaɗa hannuwa da ihu domin su raba masa hankali, idan kuwa nasu ne sai zaure ya yi tsit. Ɗalibin yana ganin kansa a matsayin wanda ke da hannu a cikin sakamako, kuma bisa ga ƙanƙantar filin da aka ambata a baya, yana da gaskiyarsa.

Abin da ya bambanta wannan karo da sauran wasannin kaka shi ne abin da ke biyo bayansa. Idan ƙungiyar wani gari mai nisa ta yi nasara, sai ta hau mota ko jirgi ta tafi da murnarta. Maƙwabci kuwa ba ya tafiya. Da yawa daga cikin ɗaliban jami'o'in biyu 'yan garin ne, sun yi sakandare ɗaya, suna haɗuwa a kanti da wurin aiki da wurin ibada, akwai ma gidajen da wa ke wannan jami'a ƙane ke waccan. Wanda aka ci zai sha tsokana wata goma sha biyu cur, kamar yadda taubashi kan sha a hannun taubashinsa, ba shi da abin yi sai jiran baɗi. Wannan jira shi ne abincin hamayyar, kuma ba ya yiwuwa sai an tabbata cewa baɗin za a sake haɗuwa.

3.5 Rikicin 2011 da Abin da Ya Biyo Baya

Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. A ranar 10 ga Disamba, 2011, an yi karon a gidan Xavier. Tun kafin ranar an yi ta musayar magana, har wani ɗan wasan Sinsinati ya faɗa a rediyo cewa tauraron Xavier, Tu Holloway, ba zai sami gurbi a sahun farko na ƙungiyarsu ba. Xavier ta yi nisa da maki 76 da 53, saura daƙiƙa 9.4 a tashi, sai cacar baki ta rikiɗe ta zama faɗa, 'yan benci na ɓangarorin biyu suka kwararo cikin fili. Yancy Gates na Sinsinati ya naushi Kenny Frease na Xavier a fuska har jini ya zuba. Alƙalai suka tashi wasan ba a cika lokaci ba, duk ƙasar kuma tana kallo ta talabijin.

An dakatar da 'yan wasa takwas, huɗu daga kowane ɓangare, mafi tsananin hukunci shi ne na wasa shida. Amma hukuncin da ya fi daɗewa a kan ɗalibai 'yan kallo ya faɗa. Hukumomin jami'o'in biyu sun ga cewa zafin zauren gida yana cikin abin da ya hura wutar, sai suka ɗauke wasan daga harabar makarantu zuwa wani babban zaure na tsakiyar birni wanda ba na kowa ba, aka raba kujeru tsakanin ɓangarorin biyu. Har sunan karon aka sauya zuwa Crosstown Classic domin a kauce wa kalmar harbi. A haka aka yi wasan 2012, wanda Sinsinati ta ci 60 da 45, da na 2013, wanda Xavier ta ci 64 da 47.

An sami zaman lafiya a wasannin biyu, amma armashi ya ragu, kuma a shekara ta biyu kujeru da yawa sun kasance babu kowa. Saboda haka aka sake shawara. A watan Fabrairu na 2015 karon ya koma harabar Sinsinati da tsohon sunansa, Xavier ta ci 59 da 57. Daga nan aka ci gaba da zagayawa, har a 2020, shekarar annobar korona, an buga wasan duk da cewa zauren kusan wayam yake. Xavier ta ci karo biyar a jere daga 2019 zuwa 2023, Sinsinati ta karya wannan jeri a 2024 da maki 68 da 65.

Idan aka auna wannan da fagen dambe, za a ga cewa laifin bai kasance a sunan karon ba, domin Bahaushe ya daɗe yana kiran kayarwa kisa ba tare da kowa ya ɗauko wuƙa ba. Abin da ya karye a 2011 iyaka ce, kuma maganin karyewar iyaka shi ne hukunta wanda ya ƙetare ta. Ɗauke fage daga hannun masu shi kusan kashe wasan ya yi, shi ya sa shekara biyu kawai aka yi aka mayar da shi.

3.6 Zariya da Gusau a Kan Wannan Ma'auni

Ta fuskar kusanci Zariya ba ta rasa komai ba. Ban da Jami'ar Ahmadu Bello akwai Babbar Kwalejin Horar da Malamai da aka buɗe a 1962, wadda ta zama Kwalejin Ilimi ta Tarayya, daga baya kuma aka ɗaga ta zuwa jami'ar ilimi. Akwai Kwalejin Fasaha ta Nuhu Bamalli da aka kafa a 1989, akwai kuma Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta 1964. Ta fuskar gwanintar wasa ma an riga an nuna matsayin garin. Inda gizo ke saƙa shi ne tsarin gasa. Wasannin manyan makarantu a Nijeriya an raba su ne bisa nau'in makaranta: jami'o'i suna da NUGA, kwalejojin fasaha suna da NIPOGA, kwalejojin ilimi suna da NICEGA. Sakamakon haka, makarantun da ke gari ɗaya kowace hanyarta daban, ɗan wasan Samaru ya fi sanin takwaransa na Ibadan ko Nsukka a fagen gasa fiye da na Tudun Wada.

Bugu da ƙari, ita kanta NUGA ba ta da tsayayyen lokaci a aikace. Bayan wadda aka yi a Ile-Ife a 2014 sai 2017 a Makurɗi, bayanta kuma sai 2022 a Legas. Ɗalibin da ya shiga jami'a a 2018 zai iya kusan gama karatunsa bai ga an yi gasar ba. Ko da an yi, a wani gari mai nisa ake yin ta, 'yan wasa da jami'ai ne ke tafiya, ɗan kallo sai dai ya ji labari. Jami'ar Ahmadu Bello ta karɓi baƙuncin gasar a 2001, ɗaliban wancan lokaci sun ga wasa a ƙofar ɗakinsu, amma irin wannan dama sai an daɗe take zagayowa. Wato sharaɗi na biyu da na uku, tsayayyar rana da fagen gida, su ne suka yi ƙaranci.

Haka abin yake a Zamfara, jihar da aka ƙirƙiro a ranar 1 ga Oktoba, 1996. A Gusau akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya wadda ta mata ce zalla, da Kwalejin Kimiyya da Zane-zane ta jiha. A Ƙaura Namoda akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya tun 1983, a Maru akwai Kwalejin Ilimi ta jiha, a Tsafe kuma akwai Kwalejin Kiwon Lafiya. Kowace tana ƙarƙashin nata tsarin gasa. Tarihin Sinsinati da Xavier ya nuna cewa wannan rabuwa ba ta isa ta hana karo ba, tun da su ma a rukunoni daban suke, yarjejeniyar hukumomin makarantu biyu ce kawai ta riƙe karon tun 1945/46.

Akwai dalilan da suka sa batun ya fi muhimmanci a Gusau. Matsalar tsaron da ta addabi jihar tun shekarun 2010 ta sa tafiya da ɗalibai a kan manyan hanyoyi ta zama abin fargaba, karon cikin gari kuwa ba ya bukatar doguwar tafiya ko kwana a hanya. Filin ƙwallon kwando ma bai kai na ƙwallon ƙafa cin wuri da kuɗi ba. Ta ɓangaren mata, hukumar wasan ta duniya ta halatta buga wasa da ɗankwali ko hijabi a 2017, ƙungiyar matan Nijeriya kuma ta ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, saboda haka 'yan matan kwalejin Gusau da na jami'a suna da abin koyi. Daɗin daɗawa, ɗalibin da ya taso a Ruwan Bore ko Tsafe ko Bunguɗu ya zo Gusau karatu ba baƙon hamayya ba ne. Ya san zama cikin ɓangarensa a gidan dambe, ya san tsokanar taubashi, ya kuma san cewa mai fushi shi ne ya faɗi.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an bi tarihin hamayyar ƙwallon kwando tsakanin makarantun gari guda, tun daga ƙirƙiro wasan a 1891, da kafuwarsa a Zariya bayan 1962, da karon Sinsinati da Xavier daga 1928 zuwa 2024. An ga cewa rinjayen ɓangare ɗaya na shekaru masu yawa bai kashe karon ba, haka ma bambancin rukunin gasa, amma ɗauke shi daga gidan ɗalibai a 2012 da 2013 ya rage masa armashi har sai da aka mayar da shi a 2015. An kuma ga cewa sharuɗɗan da suka raya shi su ne waɗanda barkwanci da dambe suka daɗe a kansu a ƙasar Hausa. Zariya da Gusau suna da makarantu maƙwabta, suna da ɗalibai, suna da al'adar da ta san iyakar wasa. Abin da ya rage a hannun hukumomin makarantun yake, wato su tsayar da rana ɗaya a kowace shekara, su riƙa zagayawa da ita tsakanin harabobinsu, su kuma tanadi hukuncin da zai hau kan duk wanda ya ƙetare iyaka, ɗan wasa ne ko ɗan kallo.